Farashin Cewa A'a: Tarihin Damin Tsaro a Wasan Magic

Duk bayan 'yan watanni kamfanin Wizards of the Coast, wanda ke jihar Washington ta Amurka, yakan fitar da sabon bugu na katunan wasan Magic: The Gathering, kati ɗari biyu da ɗoriya a lokaci guda. Tun kafin kwalayen su isa kanti 'yan wasa sun kaure da gardamar wa zai ci riba, wa zai kwana ciki. A cikin masu gardamar akwai wani rukuni da aka sha yi wa ta'aziyya tun yana raye, wato masu damin tsaro, mutanen da ba sa gaggawar kai hari, sai dai su zauna su riƙa warware duk abin da abokin karawa ya ƙulla har hannunsa ya ƙare, sannan su gama da shi a tsanake. Idan sabon bugu ya fito, abin da masu wannan salo suka fi yi shi ne su bi katunan ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda zai shiga daminsu. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Tarihin wasan na shekara talatin da 'yan kai ya nuna cewa katin da aka ba abokan gabar damin tsaro ya fi wanda aka ba shi kansa tasiri a kan makomarsa, kuma ma'aunin da ya kamata a riƙa dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin farashin kawo barazana da farashin kawar da ita.

Ga wanda ya saba da karta ko Whot, inda kowa ke ja daga tuli ɗaya, bambancin farko shi ne a Magic kowa da nasa damin yake zuwa, shi ya zaɓi katunansa, aƙalla 60, kuma kati ɗaya ba ya wuce kwafi huɗu in ban da katunan ƙasa na asali. Richard Garfield, masanin lissafi, shi ya ƙirƙiro wasan, aka fara sayar da shi a 1993. Kowa yana farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu, yana jan kati ɗaya a kowane zagaye, yana kuma ajiye katin ƙasa ɗaya tak. Ƙasar nan ita ke ba da makamashin da ake biyan kuɗin sauran katuna da shi, don haka a zagaye na biyu abin da mutum zai iya kashewa biyu ne, a na huɗu huɗu, in dai ƙasa ba ta yanke masa ba. Ke nan lambar da aka buga a kusurwar kati tana faɗin lokaci ma, domin kati mai farashi shida ba ya sauka sai wajen zagaye na shida. Akwai halittu, masu zama a fage suna kai hari, akwai kuma sihirin da ake jefawa sau ɗaya ya wuce. Katunan sun kasu launi biyar, kuma tun farko shuɗi aka ba makari, katin da ke karya sihirin abokin karawa tun bai sauka ba, fari kuma aka ba shi katin share fage. A kan makari, da katin kisa, da katin da ke cika hannu, damin tsaro yake tsaye.

Wanda ya fara mayar da salon ilimi shi ne Brian Weissman, ɗan wasa daga Kaliforniya, tsakanin 1994 da 1996. Daminsa ya yi suna har aka daina nema masa laƙabi, ana ce masa The Deck kawai. A cikin katuna 60, halittun da ya dogara da su don cin wasa biyu ne, kwafi biyu na Serra Angel, sauran duk na hanawa ne da tarawa. Moat yana hana duk halittar da ba ta tashi sama kai hari. Disrupting Scepter yana sa abokin karawa ya yar da kati ɗaya a kowane zagaye, Jayemdae Tome kuma yana ƙara wa Weissman ɗaya. Daga nan aka samo tunanin da har yau ake koya wa sabon shiga, wato ribar kati: in ka kashe kati ɗaya ka ɓata biyu na abokin karawarka, ka yi ta maimaitawa, ƙarshe hannunka cike, shi yana kallon tafinsa. Ana yaba basirar Weissman, kuma ya cancanta. Amma a dubi farashin da ya tarar. Swords to Plowshares, ɗaya ake biya, yana kawar da kusan kowace halitta komai girmanta. Counterspell, biyu, yana karya kowane sihiri. Wrath of God, huɗu, yana share halittun fage kaf. A ɗaya ɓangaren kuwa, Shivan Dragon, dodon da yara ke mafarkin mallaka a lokacin, shida ake biya, kuma in ya sauka sai ya jira zagaye na gaba kafin ya kai hari. Mutum ya biya shida, a kashe masa da ɗaya, mai kisan ya rage da biyar da zai ja kati da su. Manyan halittun da suka fi arha da sharaɗinsu suke zuwa, kamar Juzam Djinn da ke rage wa mai shi rai ɗaya kowane zagaye. Ba mamaki gasar ƙwararru ta farko, Pro Tour na New York a watan Fabrairun 1996, Michael Loconto ya lashe ta da damin fari da shuɗi, wanda ɗaya daga hanyoyin cin wasansa ita ce ya niƙe damin abokin karawa da Millstone har katin ja ya ƙare masa.

Ba a yi wata shida ba aka ga iyakar abin. Necropotence, baƙin kati daga bugun Ice Age na 1995 wanda da farko aka raina, yana ba mai shi damar sayen katuna da ransa: rai ɗaya, kati ɗaya, iya yadda ya ga dama. A bazarar 1996 Counterspell na nan, Wrath of God na nan, amma lissafin mai tsaro ya rushe, domin ribar da yake tarawa ɗaya-ɗaya a kan makamashi huɗu, abokin karawa yana ɗibarta biyar-biyar ba tare da kashe makamashi ba, bayan ya riga ya zubar masa da kati biyu daga hannu da Hymn to Tourach tun zagaye na biyu. 'Yan wasa suka sa wa lokacin suna baƙar bazara. Abin da ya fi karya Necropotence shi ne gudu, tun da mai sayen kati da rai ba ya son a taɓa masa ran. Tom Chanpheng na Ostireliya ya ci gasar duniya ta wannan shekarar da ƙananan fararen halittu, ya doke Mark Justice mai Necropotence a wasan ƙarshe. A shekarar kuma aka ga jan damin da Jay Schneider ya tsara, Paul Sligh ya buga, wanda aka jera katunansa bisa farashi don kada makamashi ko ɗaya ya kwana a kowane zagaye. In aka ɗauki halittunsa ɗaya-ɗaya abin dariya ne, amma kafin mai Wrath of God ya tara huɗunsa an ci masa rabin rai. Daga nan mai tsaro ya shiga tsaka mai wuya: ga wanda ya fi shi tara kati, ga wanda ya fi shi gudu, kuma katin da ke maganin wannan shara ne a gaban wancan. David Price, wanda ya ci Pro Tour na Los Angeles a 1998 da jan damin farmaki, an san shi da wata magana mai ma'anar cewa barazana ba ta taɓa zama kuskure, amsa ce ke iya zama kuskure. Halitta kowa ta samu za ta sara, katin kisa kuwa in abokin karawa ba shi da halitta sai dai ya zauna a hannu.

Masu tsaro suka amsa da tsananta abin da suka iya, kuma a nan dole a yarda cewa sababbin katuna sun ciyar da su kai tsaye. Bugun Tempest da biyun da suka biyo shi, a 1997 da 1998, sun zubo makari iri-iri: Dismiss mai karya sihiri ya ƙara kati, Mana Leak mai arha, da Forbid wanda in ka yar da kati biyu yake dawowa hannunka. A gasar duniya ta 1998 Randy Buehler ya zo da shuɗin dami zalla mai makari 21 da katin halitta guda ɗaya. Sunan salon, Draw-Go, daga abin da mai shi ke yi ya samo asali: ya ja kati, ya ajiye ƙasa, ya ce wa abokin karawa yi naka. Dukkan aikinsa a zagayen mutum yake yin sa. Ka jefa abu ya karya, ka ƙi jefawa ya ja kati a ƙarshen zagayenka da makamashin da ya rage, kuma da zarar yana jan fiye da ɗaya a zagaye, Forbid guda ya isa ya rufe maka baki har wasa ya tashi. Zamanin ya ja har 2002, lokacin da Carlos Romão na Birazil ya ci gasar duniya a Sidni da damin Psychatog, mai Counterspell da Fact or Fiction. Shekara guda bayan haka aka fitar da babban bugu na takwas babu Counterspell a ciki. Da yake tsarin Standard, wanda aka fi yin gasa a kai, katunan bugu na baya-bayan nan kawai yake karɓa, katin ya fita daga cikinsa, kuma an shafe fiye da shekara ashirin bai dawo ba. Buehler, mai makari 21 ɗin nan, yana cikin manyan sashen tace katuna na kamfanin a lokacin da aka yanke hukuncin. Wanda ya san ɓarnar abu shi ne wanda ya taɓa riƙe shi.

Abin da ya maye gurbinsa a 2006 shi ne Cancel, aiki iri ɗaya, farashi uku. Ƙarin ɗaya kamar ba komai ba ne, sai an zauna a teburi. Mai ƙasa huɗu da Counterspell yana iya karya sihiri biyu a zagaye ɗaya, ko ya karya ɗaya ya ja kati da sauran. Mai ƙasa huɗu da Cancel ɗaya kawai zai karya, kuma in abin da ya karya farashinsa biyu ne, shi ya yi asarar makamashi, abokin karawa ya jefa na biyu ya wuce. Haka aka bi sauran ginshiƙan. Swords to Plowshares ya bar babban bugu tun 1997. Wrath of God ya bar shi a 2009, magadansa Day of Judgment da Supreme Verdict suka riƙe farashin huɗu zuwa 2014, sannan aka koma biyar da End Hostilities, daga baya Fumigate. Masu jin haushin wannan sukan ce kasuwanci ne kawai: kamfanin, wanda Hasbro ya saya a 1999, fakiti yake sayarwa, dodon da ke bangon fakiti shi ke jawo mai saye, kuma ba wanda zai sayi dodon da ba a bari ya sauka. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta rage wa hukuncin daraja ba. Wasan da gwaninsa ke zuwa da halitta ɗaya, alhali halittu su ne kaso mafi tsoka na abin da ake bugawa, wasa ne da ya mayar da yawancin katunansa takardar banza. Mai kewar 1998 yakan tuna daɗin kujerar da ya zauna, ya manta da wanda ke ɗaya kujerar yana riƙe da katunan da bai taɓa ganin saukarsu ba.

Sai dai ƙarin farashin amsa bai kai rabin labarin ba. Babban sauyin a jikin halittu ya faru, domin sun daina jira kafin su biya kuɗinsu. Flametongue Kavu na 2001 yana sauka yana kashe wata halitta. Bloodbraid Elf na 2009, farashi huɗu, yana kai hari a zagayen da ya sauka, kuma da zarar an jefa shi sai ya tono wani sihiri mai ƙasa da farashinsa daga dami, a jefa kyauta. Ko mai makari ya karya shi, kyautar ta riga ta fito. A 2010 aka buga ƙattai biyar masu farashi shida, daidai da Shivan Dragon, amma Primeval Titan yana sauka da ƙasa biyu, Grave Titan da mayaƙa biyu. A tsaya a kan Thragtusk na 2012 a ga yadda lissafin ke tafiya. Mai shi ya biya biyar, ransa ya ƙaru da biyar nan take. Mai tsaro ya kashe shi da katin kisa, sai ya bar magaji a fage, wata dabba mai ƙarfi uku. Ya share fage gaba ɗaya, magajin dai ya bayyana bayan sharar. Musayar kati ɗaya da ɗaya, wadda damin Weissman ya dogara da ita, ta zama faɗuwa ga mai kisa ko da katin kisan kyauta aka ba shi. Hanya ɗaya ta rage, a karya shi tun bai sauka ba, ita ma an toshe ta watanni kaɗan kafin nan da Cavern of Souls, katin ƙasa da ake ambata masa jinsin halitta, duk halittar wannan jinsi da aka biya da makamashinsa makari ba ya kama ta. Masu tsara wasan ba su ɓoye cewa Mana Leak suka nufa da shi ba, kuma waɗanda suka fi cin moriyar Mana Leak a lokacin masu ƙananan shuɗɗan halittu ne da ke kai hari da wuri. Amma katin ƙasa ba ya tambayar wa aka nufa, ya kama mai laifi da mai tsaro tare. To me masu tsaro suka yi? Suka sa Thragtusk a nasu damin.

Za a ce to ai jerin zakaru ya ƙaryata wannan duka. Gabriel Nassif na Faransa ya ci Pro Tour na Kyoto a 2009 da damin tsaro, Ivan Floch na Sulobakiya ya ci na Portland a 2014, Paulo Vitor Damo da Rosa na Birazil ya ci gasar duniya a Honolulu a farkon 2020, kuma kowannensu da sababbin katuna ya ci. Haka ne. Amma a duba wane irin kati. Abin da mutane ke tunawa a damin Nassif shi ne Cruel Ultimatum mai farashi bakwai, alhali abin da ya sa damin ya yiwu katunan ƙasa ne marasa kwarjini, ƙasashen Vivid da Reflecting Pool, waɗanda haɗuwarsu ke ba da kowane launi. Da su ya iya ɗauko amsa daga duk inda take, har da jan kati Volcanic Fallout, wanda makari ba ya kamawa kuma yake ƙone ƙananan halittun da suka cika gasa a wannan shekarar. Darajar katin daga abin da sauran mutane ke bugawa ta fito. Shi kuwa Floch, wanda ya zo babu katin halitta a babban daminsa, sai Elixir of Immortality guda da ke mayar masa da katunan da ya kashe cikin dami, shi ne ya fi kusa da tsohon salo. Ƙashin bayansa Sphinx's Revelation ne, kati ɗaya da ke ba da rai da katuna daidai yawan makamashin da aka zuba, wato amsar mai gudu da amsar mai tarawa a takarda guda, matsalar nan ta 1996. Wata biyu bai cika ba katin ya fita daga Standard, damin ya bi shi.

Jace, the Mind Sculptor ya fi kowanne bayyana lamarin. A 2007 aka ƙirƙiro sabon nau'in kati, Planeswalker, wanda ke zama a fage yana yi wa mai shi aiki ɗaya kowane zagaye ba tare da ƙarin biya ba. Jace na 2010, farashi huɗu, yana gyara hannu ya ƙara kati, yana mayar da halitta hannun mai ita, yana leƙa katin da abokin karawa zai ja ya binne shi in ya ga dama, kuma in aka ƙyale shi shi kaɗai zai ci wasa. A wata babbar gasa a Dallas a 2011, dukkan mutum takwas da suka kai matakin ƙarshe kowa na da kwafi huɗu, 32 ke nan, iyakar abin da doka ta yarda. A watan Yuni aka haramta shi tare da Stoneforge Mystic, haramcin farko a Standard tun 2005. To amma damin da ya yi wannan ɓarna, Caw-Blade, wanda Ben Stark ya ci Pro Tour na Paris da shi, shaho yake saukewa a zagaye na biyu, ya rataya masa takobi, ya kai hari. Katin da ake kira mafi ƙarfin abin da aka taɓa ba masu tsaro ya koya musu kashe makamashi a nasu zagayen, abin da mai Draw-Go zai ɗauka saɓo. Teferi, Hero of Dominaria na 2018 ya sasanta abin ta hanyar mayar wa mai shi ƙasa biyu a ƙarshen zagaye, ya sauke barazana kuma ya rage da kuɗin makari. Ɗan'uwansa na 2019, Teferi, Time Raveler, mai farashi uku, ya hana abokin karawa jefa komai sai a nasa zagayen, wanda ke nufin duk makarin da ke hannunsa ya mutu. Kati ne fari da shuɗi, launin gidan tsaro, kuma ba wanda ya cuta kamar masu makari har aka haramta shi a watan Agustan 2020.

Akwai ƙalubale na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. In har damin tsaro sai ya san abin da ake bugawa kafin ya zaɓi amsa, to ya kamata ya fi rauni a makonnin farko na sabon bugu, lokacin da ba a san ina aka dosa ba. Ga shi kuwa Pro Tour na Kaladesh, a watan Oktoban 2016, mako biyu da fitar bugun mai wannan suna, wasan ƙarshensa tsakanin masu tsaro biyu aka yi, Shota Yasooka na Japan ya doke Romão, kowa da sabon katin Torrential Gearhulk. Amsar tana cikin irin taron. 'Yan ɗaruruwan ƙwararru ne da suka san juna, kuma da yawansu sun zo da damin Aetherworks Marvel, wanda duk shirinsa a kan kati ɗaya mai farashi huɗu ya rataya. Wanda ya hango haka ya zo da makari mai arha ya sami nama. Mai tsaro kamar mai kyamis ne da ɗan ƙaramin kanti: in ya san damina ce ya cika shi da maganin zazzaɓin cizon sauro ya yi ciniki, in yanayi ya juya sai maganin ya kwana a kan kanta. Yanayin kuwa ya juya cikin makonni, masu Marvel suka ja baya, dammunan Smuggler's Copter da Emrakul suka mamaye gasa, damin Yasooka bai zama abin kwaikwayo ba. Nasararsa ta karanta mutane ce, kuma ba ta wuce mutanen da ya karanta ba.

Tsarin Modern, wanda aka kafa a 2011 kuma katunansa ba sa fita da shekaru, ya ba da dama a gwada zancen a fili har sau biyu. An haramta Jace a cikinsa tun ranar farko don tsoron abin da ya yi. A watan Fabrairun 2018 aka sake shi, rana ɗaya da Bloodbraid Elf, kuma duniya ba ta tashi ba: ya sami gurbi a wasu dammuna, amma a inda ake iya mutuwa a zagaye na huɗu, kashe makamashi huɗu don gyara hannu ganganci ne. A 2021 bugun Modern Horizons 2 ya shigo da Counterspell kansa, a tsohon farashinsa na biyu. In da rashin katin ne ya kashe Draw-Go, da dawowarsa ta tashe shi. Masu tsaro sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma damin da ya fi shahara da shi na shuɗi da ja ne mai Ragavan, biri mai farashi ɗaya da ya fito a bugu guda, da dodon Murktide Regent. Su barazana suke saukewa da wuri, su riƙe Counterspell don kare ta. Kati ɗaya ne da na hannun Weissman, aikinsa bai canja ba, amma abin da ke kewaye da shi ya mayar da shi garkuwar mai hari.

Daga nan wasu tsofaffin hannu kan ce to abin da ake kira tsaro yau suna ne kawai, tun da yana cike da Planeswalker da halittu masu ba da riba. Ban yarda ba. Tun 1999 Mike Flores ya rubuta wata maƙala da ta zama karatun dole ga 'yan gasa, inda ya nuna cewa a kowace karawa akwai wanda lokaci ke gefensa da wanda lokaci ke gāba da shi, kuma wanda ya kuskure matsayinsa ya faɗi. Tsaro matsayi ne na wanda ke son wasa ya yi tsawo, kuma kayan da ake tsawaita wasa da su dole su bi kayan da ake gajarta shi da su. Lokacin da halitta ke jira, katin kisa mai arha ya isa. Da ta fara biya tun a ƙofa, sai aka koma neman katin da ke amsawa ya kuma bar wani abu a fage, kamar The Wandering Emperor na 2022, Planeswalker da ake iya saukewa a tsakiyar harin abokin karawa, ya kawar da mai harin, ya zauna yana haifar mayaƙa. Wannan ba watsar da koyarwar Weissman ba ne, ribar kati ce dai, a farashin zamani.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa zancen hujja ta inda ba a zata ba. A 2023 kamfanin ya tsawaita zaman kati a Standard daga shekara biyu zuwa uku, a ƙarshen 2024 kuma bugun Foundations ya dawo da Day of Judgment, share fage a kan huɗu ba tare da sharaɗi ba, abin da masu tsaro suka daɗe suna roƙo. Amma tsawon zaman ya bar katuna masu arha daga bugu daban-daban sun haɗu. Heartfire Hero, ɓera mai farashi ɗaya, yana girma in mai shi ya jefa masa sihiri, kuma in aka kashe shi sai ya rage wa abokin karawa rai daidai ƙarfinsa. Monstrous Rage, shi ma ɗaya, yana ƙara masa ƙarfi ya sa ya ratsa mai tare shi. Cori-Steel Cutter, makami mai farashi biyu, yana haifar sabon mayaƙi duk zagayen da mai shi ya jefa sihiri na biyu, a share fage mayaƙan su tafi, makamin na nan. A Pro Tour na Las Vegas a watan Yunin 2025, gurbi takwas na ƙarshe dammunan farmaki masu ja suka raba su, huɗu ja zalla, huɗu ja da shuɗi, Ken Yukuhiro na Japan ya ɗauki kofi. Ranar 30 ga watan kamfanin ya haramta kati bakwai a Standard lokaci guda, har da waɗannan ukun. Day of Judgment yana nan a farashinsa kafin ranar da bayanta, abin da aka cire shi ne katunan da ke gama da mutum tun bai ajiye ƙasarsa ta huɗu ba.